Garar Faransa da Ta Zama 'Yar Amurka

Yau kan gara za mu yi sharhi. Na san wani zai ce duk abin da ke damun duniya a rasa abin zance sai gara? A yi mini haƙuri na 'yan mintoci, domin wannan ƙwaro da muke takawa da takalmi ya daɗe yana wasa da hankalin masana, sai 'yan shekarun nan ne suka samo hanyar bin diddigin asalinsa.

Mu fara daga gaɓar yammacin Faransa, inda akwai garuruwa biyu masu tashar jiragen ruwa, Rochefort da La Rochelle. Tun ƙarshen ƙarni na 18 mutanen wurin suka fara kuka da wata gara mai cin katakon gidaje. A La Rochelle har ofishin mulkin lardi ta shiga, ta cinye takardun ajiya ta ciki, ta bar saman ƙunshin lafiya ƙalau, sai da aka ɗaga aka ga babu komai. A 1924 wani masani mai suna Jean Feytaud ya raɗa mata suna santonensis, wato ta yankin Saintonge. Da wannan suna aka ci gaba da kiranta a littattafai da rahotannin bincike, ana ɗaukarta 'yar ƙasa, haifaffiyar Faransa. An kwashe shekara 80 a haka.

Me ya sa aka daɗe? Domin gane gara da ido aiki ne mai wuyar gaske, musamman irin wadda ake kira garar ƙarƙashin ƙasa. Ita ba ta gina suri mai tsawo irin wanda muka saba gani a dajinmu. Gidanta na cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace, tana bin ramuka, in za ta hau bango sai ta lulluɓe hanyarta da laka don kada iska ta busar da ita. Manyan zuriyoyinta uku ne a wurin masana: Reticulitermes ta ƙasashe masu ɗan sanyi, da Coptotermes da Heterotermes na ƙasashe masu zafi. In ka fasa itacen da suke ci, mafi yawan abin da za ka gani ma'aikata ne, farare, makafi, masu taushin jiki, kuma ma'aikaciyar wannan jinsi da ta wancan ba su da wani bambancin kirki. Dole masani ya nemo soja, ya sa kansa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya auna tsawonsa da faɗinsa, ya dubi lanƙwasar muƙamuƙinsa, ya ƙirga 'yan gashin da ke kai. Matsalar ita ce sojojin gida ɗaya ma sukan bambanta. Gidan da ya tsufa ya ƙoshi yakan fitar da manyan sojoji, sabon gida kuma ƙanana. Shinge, wato masu fiffiken da ke fitowa su yi aure, sun fi sauƙin ganewa, amma 'yan kwanaki ne kawai suke fita a shekara. Saboda haka mutum biyu za su iya kama jinsi ɗaya a ƙasashe biyu, kowa ya ba shi suna dabam, kowa kuma yana da gaskiyarsa gwargwadon abin da idonsa ya nuna masa.

A nan ne hujjar ƙwayoyin gado ta shigo. A cikin jikin kowane mai rai akwai wani dogon rubutu na sinadari, wanda ake kira Di-En-E, haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T. Iyaye suna kwafa wa 'ya'ya wannan rubutu, kuma can ba a rasa ba sai a sami harafi ɗaya ya sauya wajen kwafin. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san yadda abin yake da littafin da ake kwafa da hannu. Malami ya yi tuntuɓen alƙalami a wani shafi, ɗalibansa su kwafa da kuskuren, ɗaliban ɗalibansa su kwafa su ƙara nasu. Bayan shekaru, in aka tara kwafi goma daga garuruwa dabam-dabam, mai lura zai iya cewa waɗannan uku daga hannu ɗaya suka fito, domin kuskurensu ɗaya ne, wancan kuwa ya rabu da su tun da wuri. Haka masana ke yi da gara. Su ɗebo 'yan ƙwari, su jiƙa su a itanol mai ƙarfi don kada rubutun ya lalace, su niƙa kan ƙwaro ɗaya, su fitar da sinadarin, na'ura ta karanta haruffan. Sai kwamfuta ta jera na wannan da na wancan, ta ƙirga inda suka dace da inda suka saɓa, ta zana bishiyar dangantaka.

Da farko ba duka rubutun ake karantawa ba. Akwai wani ɗan guntu da ke cikin mitokondiriya, wato sashen ƙwayar jiki mai samar da kuzari. A jikin gara tsawonsa kimanin harafi 16,000 ne, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Shi aka fi amfani da shi saboda yana da yawa a jiki, yana da sauƙin karantawa. A riƙe wannan batu na gadon uwa, za mu dawo kansa.

To, a 2005 James Austin da Allen Szalanski na Jami'ar Arkansas, tare da Rudolf Scheffrahn na Jami'ar Florida da wasu abokan aikinsu, suka kwatanta garar Saintonge da ta Amurka. Sai ga shi rubutun iri ɗaya ne. Abin da Faransawa ke kira santonensis ba kowa ba ce illa Reticulitermes flavipes, garar da ta addabi gabashin Amurka. Tun kafin nan wasu masanan Faransa sun yi zargin haka, saboda sun ga sinadarin da ke fatar ƙwarin biyu ya yi kama, amma hujjar gado ce ta kashe gardama. Abin dariya a nan shi ne, ita kanta flavipes ba a Amurka aka fara bayyana ta ba. Vincenz Kollar ne ya raɗa mata suna a 1837, bayan an same ta a ɗakunan rainon tsirrai na fadar Schönbrunn da ke Vienna, inda ta isa cikin tukwanen shuka. Sau biyu ke nan Turai tana yi wa baƙuwa ɗaya suna.

Masana ba su tsaya nan ba. Amurka ƙasa ce mai faɗi, daga wane yanki garar ta taso? Elfie Perdereau da Anne-Geneviève Bagnères a birnin Tours na Faransa, tare da Edward Vargo a Amurka, suka yi amfani da wasu alamomin gado masu saurin sauyawa, irin waɗanda ake tantance uba da ɗa da su. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna Luwiziyana, musamman yankin New Orleans. Kowa ya san Faransawa ne suka kafa New Orleans a 1718, kuma jiragen ruwa sun yi ta kai-komo tsakaninta da su Rochefort da La Rochelle, ɗauke da katako da tsirrai da ƙasar da ke jikin saiwoyinsu. Takardun tashar jirgi ba su rubuta sunan gara a jerin kaya ba, amma jikinta ya ajiye shaida. Yau wannan gara ta kai har Paris, ta kuma ɓulla a Hamburg ta Jamus da Toronto ta Kanada tun shekarun 1930, da Chile, da tsibirin Tenerife. A 1999 sai da Faransa ta kafa doka wadda ta wajabta wa duk wanda ya ga gara a gidansa ya sanar da hukumar gari, a yankunan da ta yaɗu kuma ba a sayar da gida sai da takardar bincike.

New Orleans kuwa abin da ta aika wa wasu shi aka aiko mata. A shekarun 1960 aka gano Coptotermes formosanus a Luwiziyana, wadda aka fi sani da garar Formosa saboda a Taiwan aka fara bayyana ta a 1909, ko da yake asalinta ya haɗa da kudancin Sin. Ta yi wa tsohuwar unguwar Faransawa ta birnin ɓarnar da ta sa gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da shiri na musamman a 1998 don yaƙi da ita. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa Hawaii ta zame mata zango, ta sauka can ta yi ƙarfi, sannan ta tsallaka babban yankin Amurka.

Zuriyar Coptotermes ɗin nan ita ce ta fi kowa ruɗanin suna. Akwai wata mai suna gestroi, 'yar kudu maso gabashin Asiya. A Malesiya da Birazil an daɗe ana kiranta havilandi, a Filifin ana kiranta vastator, ana tsammanin jinsi uku ne, sai aka tabbatar a 2003 da 2007 cewa duk abu guda ne. A 2016 Thomas Chouvenc da tawagar masana daga ƙasashe da dama suka zauna suka tace sunayen zuriyar gaba ɗaya. Cikin suna 69 da ke littafi, 21 ne kaɗai suka samu da ƙwaƙƙwarar hujja, 44 kuma suna cikin shakka.

Wani zai ce ina ruwan mai gida da suna, shi dai a kashe masa ita. Ni a ganina nan ne amfanin aikin ya fi fitowa fili. In ƙwaro ɗaya yana da suna uku, to ilimin da aka tara a kansa ya kasu uku. Mai bincike a Manila ba zai karanta abin da aka gano a São Paulo ba, domin yana ganin ba garar ƙasarsa ake nufi ba. Jami'in da ke duba katako a tashar jirgi zai bar ta ta wuce, tunda sunan da ke takardarsa ba shi ne aka rubuta a rahoton ba. Kuma maganin da ya dace ya danganta da halin jinsin. Garar Saintonge, alal misali, gidajenta a Faransa suna da faɗi ƙwarai, da sarauniyoyi masu yawa a gida ɗaya, maƙwabta ba sa faɗa da juna, har sukan haɗe su zama gida guda. Wanda ya yi feshi a ɗaki ɗaya ya tafi, wahalar banza ya yi.

Yanzu mu ɗan yi nisa cikin zamani. Ganin cewa waɗannan zuriyoyi uku suna kusan kowace nahiya, an daɗe ana zaton tun nahiyoyi suna haɗe suka bazu, rabuwar ƙasa ce ta raba su. A 2016 Thomas Bourguignon da Nathan Lo da abokan aikinsu suka karanta cikakken rubutun mitokondiriya na gara daga nahiyoyi shida. Suka lissafa shekaru ta hanyar ƙirga sauyin haruffa, suna daidaita lissafin da gawarwakin gara da suka daskare cikin ƙaron itatuwa na zamanin da. Lissafinsu ya nuna Reticulitermes ta rabu da sauran biyun kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Sun kuma gano tsallake 14 daga wani yankin duniya zuwa wani, dukkansu cikin shekara miliyan 34 na baya-bayan nan, lokacin da tekuna sun riga sun raba nahiyoyi. Huɗu ta tudu aka yi su, biyu ɗan Adam ne ya ɗauke ta, takwas kuwa ta kan teku. Gara ba ta iyo, shinge kuma ba ya tashi da nisa. Bayanin da ya rage shi ne gungumen itace da ambaliya ta jefa teku, garar na ciki tana cin jirgin da ke ɗauke da ita. Ko da sarauniya ba ta cikin gungumen, wasu daga cikin 'ya'yan suna iya rikiɗa su zama masu haihuwa. Wannan baiwa ita ce ta sa guntun katako ɗaya a cikin kwantena ya isa ya kafa sabon gida a wata ƙasa.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. Mu kan haɗa gara da tururuwa saboda dukansu suna da sarauniya da ma'aikata, Turawa ma sun daɗe suna yi mata kallon farar tururuwa. Ba su da kusanci ko kaɗan. Tururuwa dangin zuma da rina ce. Gara kuwa 'yar'uwar kyankyaso ce. Tun 1934 Lemuel Cleveland ya lura cewa wani kyankyaso mai cin ruɓaɓɓen itace, Cryptocercus, yana da irin ƙananan halittun da ke cikin hanjin gara masu narkar mata da itace. A shekarar 2000 Nathan Lo ya kawo hujjar gado, a 2007 kuma Daegan Inward da George Beccaloni da Paul Eggleton na gidan tarihin halittu da ke Landan suka tabbatar cewa gara reshe ce a tsakiyar bishiyar kyankyasai. An yi ta muhawara kan yadda za a sauya sunayen rukuni, amma batun dangantakar ya zauna.

Ina garar da ke gina mana suri, wadda zagonta ke cizo har jini ya fita? Ita Macrotermes ce, daga babban gidan da ake kira Termitidae, wanda ya ƙunshi mafi yawan jinsunan gara kimanin 3,000 da aka sani. Ta rabu da waɗancan ƙananan halittu na hanji, ta koma noman wani naman gwari a cikin suri, shi ke narkar mata da ciyawa da kara. Duk wanda ya dube ta zai ce ba abin da ya haɗa ta da garar katakon Faransa. Hujjar gado ta ce a'a, wannan babban gida daga cikin dangin garar ƙarƙashin ƙasa ya tsiro, kuma zuriyoyin nan uku su ne 'yan'uwansa mafi kusa. Wannan ne ya sa a 2024 Simon Hellemans da wata babbar tawaga suka rarraba tsohon gidan garar ƙarƙashin ƙasa, wato Rhinotermitidae, suka ware zuriyoyin uku a gida mai suna Heterotermitidae.

Sai dai kada mu ɗauki abin kamar wahayi. Na ce a riƙe batun gadon uwa. A kudancin Florida, garar Formosa da gestroi sun haɗu a gari ɗaya, alhali sun rabu da juna fiye da shekara miliyan 15. A da lokacin fitar shingensu ya bambanta, amma a 2013 da 2014 Chouvenc da Nan-Yao Su suka ga suna fita dare ɗaya, mazan gestroi suna bin matan Formosa. A ɗakin gwaji auren ya haifar da gidajen da suka fi na iyayensu saurin girma, daga baya kuma aka kama shingen ruwa-biyu a Fort Lauderdale. Da mitokondiriya kaɗai aka duba, da an ce wannan garar Formosa ce tsantsa, tunda ba a ga hannun uba ba. Shi ya sa masu aikin yanzu suke karanta dubban wurare a rubutun da ake gada daga iyaye biyu. Shekarun da ake lissafawa su ma kimantawa ne, akwai tazarar miliyoyi a gaba da baya, kuma sukan motsa in an sami sabuwar gawa a ƙaro. Mai gaskiya a cikin masana yakan faɗi tazarar, mai neman kanun labarai ne ke ɓoye ta.

Wani ɗan ratse, don kada a ce ban faɗa ba. Irin wannan gwaji na uba da ɗa ya tona wani sirri a Japan. A 2009 Kenji Matsuura ya nuna cewa sarauniyar Reticulitermes speratus tana haifar ma'aikata da shinge ta hanyar barbara da sarki, amma sarauniyoyin da za su gaje ta ita kaɗai take haifarsu, babu gadon namiji a jikinsu. Ta haka sarki ba ya auren 'yarsa, ita kuma gadonta ba ya yankewa ko ta mutu. Ba wani madubi da zai nuna wannan.

Raunin da ya fi damuna a wannan aiki na karatun gado shi ne na samfuri. Kwamfuta ba ta zana reshen da ba a kawo mata ba. An fi tattara gara a inda ake da kuɗin bincike da gidajen katako masu tsada, wato Amurka da Turai da Japan da Ostareliya. Afirka tana da nata Coptotermes, irin su sjostedti da intermedius da amanii, ga Psammotermes mai zama cikin rairayi daga Sahel har Masar da Sudan, amma abin da aka karanta na gadonsu kaɗan ne in aka kwatanta. Kuma mu ma muna aikawa: a 2004 Scheffrahn da abokansa suka ba da rahoton samun sjostedti, 'yar Afirka ta Yamma, ta kafu a tsibirin Guadeloupe can yankin Karibiyan. In tamu ta iya tafiya, ta wasu ma za ta iya zuwa. Kullum katakon shimfiɗar kaya da kujeru da ƙofofi suna sauka a Legas da Kwatano da Tema, su hau mota zuwa Kano da Maraɗi. Kakanninmu sun yi rufi da azarar giginya saboda gara ba ta cika samun sa'arta ba, mu kuwa mun koma silin da katako mai taushi.

An taɓa yin aiki mai kyau kan gara a Mokwa a shekarun 1970, inda T. G. Wood da abokan aikinsa suka auna ɓarnar da take yi wa amfanin gona, aka kuma gane cewa ƙaramar nan Microtermes ce ke shiga saiwar gyaɗa da masara ta kashe su a tsaye. Wancan aiki da ido da ma'auni aka yi shi. Abin da ya rage shi ne a bi bayansa da karatun gado, kuma matakin farko ba ya bukatar na'ura mai tsada: kwalba ƙarama, itanol mai ƙarfi, sojoji da ma'aikata daga gida ɗaya, da takardar da aka rubuta wuri da rana da abin da aka same su suna ci, da fensir, domin tawadar biro tana narkewa a itanol. Ɗalibin nazarin ƙwari a Zariya ko Sakkwato ko Yamai zai iya tara irin waɗannan kwalabe daga rumbuna da gonaki da kasuwannin katako a damina ɗaya, a ajiye rabi a jami'arsa, a aika rabi inda za a karanta, da sharaɗin sakamakon ya shiga rumbun bayanan da kowa ke iya buɗewa ta intanet.